Bulo Shida Daga Illela

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Littafin lambobin aiki ne wannan, yau ga shi ina rubuta abin da ba lamba ba. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Jiya, ranar kasuwar Konni, bayan azahar kaɗan, haƙorin inji ya karye. Haƙori muke ce wa ƙarfen da ke juyawa yana sassaƙar sanholo. Ba jiya ya fara karyewa ba, amma wannan karon gutsuren bai faɗi ƙasa ba. Mumuni, abokin aikina, na tsaye a gaba da gorar kalanzir yana ɗiga wa aikin, yadda muke yi tun da famfon sanyaya haƙori ya mutu. Ni ina kallon allon kwamfuta, ƙarar kawai na ji. Da na waiwaya ya dafe gefen hagu na fuskarsa, yana salati a hankali. Da ma ihu ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yana asibiti. Shekara ashirin yana aikin ƙarfe, 'ya'yansa biyar, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni na zana wa haƙorin hanyarsa a kwamfuta, ni kuma na danna koren maɓalli.

Alhamis, bayan la'asar

Almustafa ya zo daga Badagishiri, yayan Mumuni. Na so a ce mafaɗaci ne, ya zage ni tas a wuce wurin. Ina, mutumin ko muryarsa ba ta tashi. Ya gaisa da Alhaji Malami mai shago, ya ƙi zama, ya ce:

"Ban zaka hwaɗa ba, Alhaji. Ƙaddara gaskiya ta, amma da hannu take zakuwa. So nike in san hannun wa na."

Ya ba mu kasuwa uku. Laraba 23 ga wata za a zauna a zauren Alhaji, in gaya masa abin da ya kai haƙori inda ya je. In ban faɗa ba, jandarma, jami'an tsaro, za su zo su tambaya da kansu. Alhaji ya ɗauki bulon sanholon da abin ya faru a kansa ya kulle a buro, ofishinsa, ya dube ni ya ce ai ni na yi lakwal, ni na je makaranta, sai in nemo.

Kwana ashirin.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da hantsi

Bari in rubuta shi dalla-dalla, ko kaina ya zauna.

Marfin famfo muke yi wa masu lambun albasa. Ana ɗaure bulon sanholo a bais, abin da ke matse ƙarfe, sai inji ya yi sassaƙar farko, wadda ke kwashe mafi yawan naman ƙarfen kafin a zo ga sumulcewa. Injin ba ya gani. Abin da na gaya masa shi ya sani. Nakan zana masa iyaka, in ce daga nan zuwa nan ƙarfe ne, bayan nan iska ce. A cikin iska yakan sauko da gudu kamar shaho, sannan ya shiga ƙarfen a hankali daga gefe.

Na rubuta masa milimita 180 tsawo, 180 faɗi. Na ce ya sauko a wajen layi, da tazarar milimita biyar. Da idona na ga raunin da ke jikin bulon kafin Alhaji ya kulle shi: a kan ƙarfe ya sauko, a bakin gaba, da dukan gudunsa. Ke nan ya tsallake iyaka ya shigo ciki. Me ya shigo da shi?

Manhajar na da zaɓi uku: haƙori ya tsaya a cikin layi, ko a kansa, ko a waje. Na buɗe ina addu'ar in ga na danna ciki bisa kuskure, in huta. Waje na danna.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan azahar

Na duba iyaka. Daidai take.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da yamma

Matata Wasila ta soya fara ta kai wa iyalin Mumuni, ta dawo idanunta jajur. Ta ce babanta ya bugo daga Illela yana jajantawa, ya ce a gaya mini in yi haƙuri, kowane mai sana'a da ranarsa.

Ban rubuta a nan ba tukuna cewa baban nata ya zo shago ranar da abin ya faru. Da daga Kano ake kawo mana sanholo yankakke, sai ya daina zuwa. Ni na ce wa Alhaji ina da wanda zai zuba mana bulo, surukina, mutumin da ya shekara arba'in yana zubin tukwane ba a taɓa mayar masa da ko ɗaya ba. Na aika masa da awo a takarda ta hannun Wasila. Da kansa ya kawo su, guda shida, kowane an naɗe shi da takardar siminti kamar kayan biki. Rigar Juma'arsa ya sako don zai ga injin mijin 'yarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ban ɗaga kai ba har ya tafi. Ya tsaya Mumuni ya ɗaure na farko, ya shafa shi ya ce bismillah, sannan ya yi sauri don kar motar Illela ta bar shi.

Ko a wannan littafin hannuna ba zai rubuta sunansa ba.

Sauran biyar ɗin suna kusurwar shago, an rufa musu buhu. Ban taɓa su ba.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

Na samu wani abu! Na ƙara girman zanen a allo har layi ya zama kamar igiya, sai ga 'yar kafa a kusurwar dama, inda layi biyu ba su haɗu ba. Ba ta kai kaurin gashi ba. In iyaka ba ta rufe ba, manhaja kan ruɗe ta rasa ina ne ciki, ina ne waje. Har na tashi zan kira Alhaji.

Talata, ƙarfe ɗaya

Ba ita ba ce. Na rufe kafar na sake gwaji a allo, na buɗe ta na sake, hanyar haƙori ba ta motsa ko ɗis ba. Manhajar da kanta take like irin wannan kafa. Murna ta koma ciki. Na zauna a kan garwa har aka kira salla.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kasuwa ɗaya ta wuce.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je asibiti. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofa ina juyawa, yau na shiga. Bandejin ya rufe rabin fuskar. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi inji kamar yana tambayar lafiyar doki. Ya ce kar in bar tsatsa ta kama teburin, in shafa masa mai. Na ce to. Likita ya ce sai an kwance za a sani. Abin da za a sani ɗin ba wanda ya ambata, ni ma ba zan rubuta ba.

Almustafa na zaune a tabarma yana jan carbi. Muka gaisa. Da zan fita ne ya ce saura kasuwa biyu.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Abin da na duba zuwa yau: faɗin haƙori a lissafin manhaja, goma ne, kuma goma na ɗaura. Ma'aunin zane, milimita ne ba inci ba. Kusurwar da na ɗauka mafari, inda inji ke fara ƙirga, ta baya ta hagu ce a kwamfuta, ita ce kuma a inji. Takardar umarnin da kwamfuta ke tura wa inji na karanta ta layi-layi kamar mai tilawa, lambar saukowa 190 ce, tsakiyar haƙori ke nan, bakinsa na nesa da ƙarfe da milimita biyar cif.

Alhaji ya ce ƙila wuta ce ta yi ƙasa, inji ya ɓatar da lissafinsa. Ya ce mu faɗa wa Almustafa haka kawai, wuta ba ta da gida balle a kai mata sammaci. Na ce in wutar ce mafari zai goce, kuma na duba bai goce ba. Ya ce kai dai ka cika taurin kai, ana nema maka ƙofa kana toshewa. Gaskiyarsa. Amma in na yi ƙarya na ce wuta, gobe wani zai tsaya a inda Mumuni ya tsaya.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Na duba iyaka.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe tara

Yau na tada injin, karon farko tun ranar. Na ɗaga haƙori sama na sa ya yi aikin a iska, babu komai a bais. Na danna maɓallin. Da ya sauko da gudun nan na tsinci kaina a bayan ƙofa, ban san lokacin da na je ba. Mai shayin bakin titi ya gan ni ya kawar da kai, Allah ya saka masa.

Haƙorin ya bi hanyarsa tiryan-tiryan.

Litinin, da yamma

Na kira malaminmu na lakwal ɗin sana'a a Maradi. Na zayyana masa komai: kafar layi, zaɓi uku, mafari, wuta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Abdulrazak, duk na ji. Bulon da kansa fa, ka auna shi kafin ka tada inji?"

Na ce layin waya ba kyau, ba na jin sa. Na kashe.

Layin lafiyarsa lau.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Kasuwa biyu. Na sayi katako na yanka da kaina, 180 da 180, na ɗaure, na tura wa inji aikin ranar ba tare da na sauya ko ɗigo ba. Ya sauko a iska, ya shiga daga gefe, ya sassaƙe shi tsaf. Alhaji ya yi hamdala ya ce ashe inji ya warke.

Ni tun da aka fara wannan abu ban taɓa jin tsoro irin na yau ba. Da ya fasa katakon, da na san da wa nake faɗa.

Buhun kusurwa ya ɗan zame daga kan bulon da ke sama. Na mayar da shi da ƙafa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Wasila ta ce na rame, ta ce ko magana ba na yi mata sai e da a'a. Na yi mata tsawa a kan gishirin miya. Miyar ba abin da ta yi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan masallaci

Babanta ya bugo kamar yadda yake yi duk Juma'a. Ina tsakar gida ina jin dariyarta. Da ta gama ta zo tana murmushi, so take ta faranta mini, ta ce:

"Baba ya ce in tambaye ka, wai ko ka ga gyaran da yay yi maka? Ya ce kowane bulo sai da yaƙ ƙara mai kaurin yatsa. Wai ko baƙo ba a ba shi awo cif, balle mijin ɗiya."

Gyara. Kamar yadda mai tumatir ke ɗora biyu a kan kashi, kamar yadda mai hatsi ke tozo a kan mudu. Shekara arba'in haka yake yi wa duk wanda yake ganin girmansa, ya ƙara wa tukunya kauri a gindi. Ni ma ya ga girmana.

Na ce na gani. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Tana ta magana daga waje a kan wani suna da za a yi a Malbaza.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Na riga kowa zuwa. Na ɗage buhun, na ɗora ma'auni.

194. Na biyu 195. Na uku 194. Ban auna sauran ba.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, inji bai tsallake iyakar kowa ba. A inda na ce masa iska ce ya sauko, sai ya tarar da alherin surukina.

Kwana goma sha bakwai ina kewaya wannan kusurwa kamar kare da tukunyar zafi. Ba zan ce ban sani ba. Tun ina lakwal, abu na farko da aka koya mana shi ne kar ka yarda da awon da ba kai ka yi ba. Ranar ma'aunin na cikin aljihuna, ina jin nauyinsa. Amma yaya zan zaro shi in ɗora a kan aikinsa, yana tsaye da rigar Juma'a, a gaban Alhaji da Mumuni? Daidai yake da in ce masa ban yarda da hannunka ba. Bayan ya tafi kuma an riga an ɗaure, an yi bismillah, na ce ai shi ne, shi ba ya kuskure. Tsoro na daji, kunya na gida, aka ce. Ni na ɗauko ta gida na kawo ta gaban inji.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da la'asar

In na faɗi 194 ranar Laraba, na fita. Awon da na aika na nan a takarda, 180 da rubutun hannuna. Almustafa zai hau motar Illela. Tsoho mai shekara saba'in zai tsaya a gaban jandarma yana bayanin yatsa guda. Ko ba su tsare shi ba, ya san abin da alherinsa ya yi, kuma na san shi, ba zai sake hura wuta a maƙerarsa ba. Wasila ce ta kawo saƙon da bakinta tana dariya.

In ban faɗa ba, ni ne.

Ina tsoron duka biyun, kuma ba zan yi wa littafi ƙarya ba, na fi jin tsoron na biyun.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

An sallami Mumuni, an kwance bandeji. Na same shi a gida shi kaɗai a gindin darbejiya. In zai dube ni sai ya juyo da kansa gaba ɗaya. Wannan ya ishe ni bayani.

Na yi niyyar gaisuwa kawai. Ban san yadda aka yi ba na ji bakina yana cewa na auna sauran bulon. Bai tambaye ni nawa na samu ba. Ya ce:

"Ni niɗ ɗaure shi, Razak. Sai da niƙ ƙara buɗe bais zagaye ukku kahin ya shiga. Hannuna ya san ya hi na Kano."

Na ce to me ya hana shi faɗa.

"Abin da yah hana ka aunawa. Dattijo na tsaye, surukinka na. In ce mai ƙarhenai ya yi yawa?"

Na yi kuka a gabansa, ba kunya. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce in sha ruwa, ya tambaye ni ko na shafa wa teburin mai.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na gaya wa Alhaji zan share fuskokin bulo biyar ɗin, kamar yadda ake yi wa duk ƙarfen zubi. Bai kawo komai a ransa ba. Na faɗaɗa iyaka zuwa 200, na rage gudun saukowa, na riƙe gorar kalanzir da kaina, na tsaya a inda Mumuni ke tsayawa. Duk saukowar haƙori sai na runtse ido. Biyar ɗin yanzu 180 ne cif, wanda zai zo bayana ba abin da zai same shi. Na share ɓarɓashin na zuba a buhu.

Saura na cikin buro. Shi ba ni da mabuɗinsa.

Laraba, 23 ga Oktoba, kafin magariba

An zauna bayan azahar. Alhaji, Almustafa, Mumuni, da liman na unguwa. Alhaji ya fito da bulon ya ajiye a tsakiyar tabarma, raunin na kallon sama. Tef ɗin awo na leƙowa daga aljihun rigarsa, kamar kullum. Idona ya kasa barin aljihun nan.

Almustafa ya ce yana saurare. Na ce iyakar da na zana wa inji ba ta kai inda ƙarfe ya kai ba, aikina ne in tabbatar kafin in danna maɓalli, ban tabbatar ba. Na ce hannun da yake nema nawa ne. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙa hannu ya jawo bulon, ya juya shi, ya ɗora tafinsa a kai yana buɗe yatsu kamar mai ƙiyasta taki. Ya ce ƙarfen fa, lafiyarsa lau? Wa ya zuba shi? Alhaji ya kai hannu aljihu.

Mumuni ya sunkuya ya ɗauke bulon daga gaban yayansa, ya ɗora a cinya, ya rufa masa gefen riga.

"Ƙarhe na mai kyau, Yaya, ni niɗ ɗaure shi da hannuna. Ka nemi hannu, an ba ka. Wanga kuma nawa na, ni yac ci, gida za ni da shi."

Ba wanda ya ce ya ajiye. Liman ya yi addu'a. Almustafa ya ce tun da mutum ya amsa laifinsa da bakinsa, shi ba shi da sauran magana da jandarma, amma sharaɗi ɗaya: hannun da ya manta sau ɗaya kar ya sake taɓa injin nan. Alhaji ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Shekara huɗu na yi ina koyon wannan aiki, kuma duk ƙasar Konni wannan ne kaɗai injin irinsa. Na ba shi mabuɗin shago a nan zauren.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan masallaci

Surukina ya bugo. Wasila ta gaya masa an sallame ni, kuma ni na amsa laifin. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da wayar a hannu, bai kashe ba, yana jira. Ta ce wai in daure, kar in ji kunyarsa, shi a wurinsa ban ragu da komai ba. Wai yaro ba ya zama gwani sai ya yi kuskuren da zai riƙa tunawa, kuma yana sa ni a addu'a Allah ya yafe mini.

Ta ce me za ta ce masa.

Na ce ta ce masa na gode.